Hayaƙi Ya Wuce, Ƙara Ta Tsaya: Gwanintar Masu Salansar Janwe a Oyingbo

Janwe mota ce da ba a yi ta don hutu ba. Tun da wani bakanike mai suna Ernest Holmes ya ƙera ta farko a garin Chattanooga na Amurka a 1916, aikinta ɗaya ne: ta ɗauki nauyinta, ta haɗa da na 'yar'uwarta da ta mace a hanya. A Legas aikin ya ninka, domin duk inda ka dosa sai ka hau gada. Daga Oyingbo in ka yi wajen Iddo, gadar Carter na jiranka. In ka bi ta Costain ka hau Eko. In ka ratsa Adekunle ka faɗa Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. In kuwa Apapa za ka, ga Ijora nan da jerin gwanon tireloli da tankoki. Direban janwe yana hawan waɗannan gadoji a giya ta ɗaya ko ta biyu, ƙafa a kan totur, danfo ko Canter a rataye a baya, gosulo a gaba. Inji na aiki da iyakar ƙarfinsa, mota na jan ciki, babu iskar gudu da za ta taimaka wa lagireto. A nan ne ake gane salansar kirki.

Oyingbo ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, kayan Arewa suke sauka a wannan yanki na Ebute Metta da Iddo, inda hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take har yau. Wake, albasa, barkono, busasshen kifi, duk nan suke zubewa, yanzu akasari a kan manyan motoci. Jirgin cikin gari da aka buɗe a 2024 ma, wanda ke tasowa daga Agbado ya ratsa Agege, a Oyingbo yake tuƙewa. Inda aka sauke kaya motoci na taruwa, inda motoci suka taru sai ga kanikawa da masu walda, Bayarabe da Ibo da Bahaushe kafaɗa da kafaɗa. A cikin masu waldar akwai waɗanda salansa kaɗai suka sa a gaba. Rumfarsu ba ta ɓuya: bututai a jingine da bango, tsofaffin tukwanen salansa a rataye, ƙasa ta yi baƙi da kunkunniya. Da yawansu facin ɓula kawai suka iya. Kaɗan ne suka iya zaɓe, kuma su nake yabo.

Abin da mai janwe ke zuwa da shi kusan kullum iri ɗaya ne: "Oga, ina son ta yi shiru, amma kada ka kashe mata ƙarfi." A kunnen wanda bai san aikin ba, buƙatu biyu ne masu karo da juna. Hanya mafi sauƙi ta rage ƙarar inji ita ce a toshe masa hanyar hayaƙi. Hanya mafi sauƙi ta sakar masa numfashi ita ce a cire salansar gaba ɗaya. Kowane yaron gareji zai iya ɗaya daga cikin biyun. Gwani shi ne wanda ya gane cewa abubuwa biyu ne daban ke fitowa ta bututun nan, hayaƙi da ƙara, kuma ana iya tare ɗaya a bar ɗaya ya wuce.

Ƙarar dai ba daga gogayyar ƙarafa take zuwa ba. Duk lokacin da mai ya ƙone a cikin silinda, bawul ɗin fitarwa ya buɗe, iska mai zafi da matsi na faɗawa bututu da bugu ɗaya. Injin mai silinda shida yana yin bugu uku a kowane juyi. In yana juyi 1,500 a minti, bugu 4,500 ke nan a minti, 75 a kowane sakan. Kunne ba ya iya rarrabe su, sai ya ji su a matsayin gurnani mai kauri. A saman wannan gurnanin akwai ƙananan sautuka masu tsini, irin masu shiga kunne kamar za su huda shi. Kaurin da tsinin ba magani ɗaya ke kashe su ba, kuma rashin sanin haka ne ke sa a yi ta sauya salansa ana asarar kuɗi.

Shi kuma hayaƙin yawansa na ba da mamaki in aka yi lissafi. Injin lita 6 da ke juyi 2,000 a minti yana shaƙar iska kimanin lita 6,000 a minti ko da babu turbo. Turbo na iya ninka wannan. Sannan iskar da ta shiga da zafin rana na digiri 30, in ta fito da digiri 500, ta kumbura ninki biyu da rabi. Ka ga an doshi lita 30,000 a minti, wato lita 500 a kowane sakan, duk ta bututun da hannu biyu ke iya zagayewa. In hanyar ta yi ƙunci, matsi ya taru a baya. Fistin sai ya ɓata ƙarfinsa wajen tura hayaƙi maimakon juya taya. Ragowar hayaƙi ya maƙale a silinda ya hana sabuwar iska wuri, man dizal ya ƙi ƙonewa sosai, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Turbo, wanda bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa ke juya shi, ya yi nauyin tashi. Mafi muni shi ne zafi. Dizal da ke jan kaya hayaƙinsa na kaiwa digiri 500 zuwa 700 kafin turbo, fistin kuma na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Mai da ruwa ne ke kare shi, kuma kariyar tana da iyaka. Ƙaramar mota na iya jure toshasshiyar salansa wata da watanni, tunda ba kullum take wahala ba. Janwe ba ta da wannan rangwamen.

Shi ya sa gwani ba ya fara taɓa ƙarfe sai ya yi tambaya. Wane inji ne, lita nawa? Da turbo ko babu? Me motar ta fi ja, ƙananan motoci ko masu lodi? A wace giya ƙarar ta fi damun direba, a hawa ko a gangara, ko a tsaye lokacin da ake ɗaga mota? Daga nan ya shige ƙarƙashi ya bi bututun da ido tun daga bakin turbo har wutsiya, yana duba inda ya lotse, inda aka taɓa yi masa ƙari da wanda bai kai shi faɗi ba, da inda kunkunniya ta zana baƙin layi a gaɓa, alamar yoyo. Sau da yawa laifin ba na tukunyar ba ne. Wata lanƙwasa ce da ta maƙure, ko bututun inci 3 da aka haɗa da na inci 2 da rabi don shi aka samu a ranar.

Tambayar turbo tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Akwai maganar da ke yawo a gareji cewa inji na buƙatar a ɗan matse masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ga dizal mai turbo wannan ba gaskiya ba ce: bayan turbo, duk abin da aka rage na matsi riba ne, kuma turbo ɗin da kansa yana daddatse bugun hayaƙi, ya rage wa salansa aiki. Ga tsofaffin Land Rover marasa turbo da har yanzu ke jan motoci a titunan Legas, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an fahimce ta a karkace. Abin da injin ke so shi ne hayaƙi ya riƙa gudu da sauri, kowane bugu ya ja na bayansa. In aka sa masa bututu mai faɗin da ya wuce kima, hayaƙin ya yi sanyin jiki, ƙarfin tashi daga tsaye ya ragu, wanda shi ne abincin janwe. Don haka gwani ba ya cewa babban bututu ya fi kyau a ko'ina. Ya san daga inci 3 zuwa 4 ba ƙarin inci ɗaya kawai ba ne, hanyar ta ƙaru da kusan kashi 78 cikin 100, kuma ba kowane inji ke da hayaƙin cika ta ba.

Tukwanen salansa iri biyu ne a asali. Ta farko mai ɗakuna ce. A cikinta akwai bangaye da gajerun bututai, hayaƙi ya shiga ɗaki, ya juya, ya koma wani, sautin ya yi ta dukan bango yana dawowa yana karo da na bayansa har su kashe juna. Irin wannan ta iya cin gurnani mai kauri, amma kowace juyawa tana da farashi a numfashin inji. Ta biyu miƙaƙƙiya ce. Bututu ne ɗaya mai ɗaruruwan ƙananan ƙofofi, an naɗe shi da zaren gilas ko zaren ƙarfe, an rufe da gwangwani. In ka ɗaga ta ka leƙa za ka hango haske ta ɗaya bakin. Hayaƙi na wucewa kai tsaye, sauti mai tsini na kutsawa ta ƙofofin ya mutu a cikin zaren. Kaurin murya kuwa ko a jikinsa, wucewa yake yi abinsa.

Dalilin yana cikin tsawon igiyar sautin. Gurnani mai bugu 75 a sakan tsawon zangonsa ya haura mita 4, ya ma fi haka a cikin iska mai zafi. Ƙaramin gwangwani ba shi da inda zai riƙe abu mai wannan tsawo. A ganina wannan ne zuciyar sana'ar gaba ɗaya: shiru a girman tukunya ake sayensa, ba a ƙuncin hanya ba. Ƙaramar salansa da ta yi shiru, to ta toshe ne. Babbar tukunya mai faɗin ciki tana ba wa kowane bugu sarari ya baje, ya rasa kaifinsa, ya fita a hankali, bakin shiga da na fita kuma daidai da faɗin bututun motar. Shi ya sa za ka ga gwani da tef ɗin awo yana neman wuri tsakanin shasi da tankin mai, yana lissafin mafi girman tukunyar da za ta shiga. In wurin bai isa babba ɗaya ba, ya sa biyu a jere: miƙaƙƙiya a gaba ta kwashe tsini, mai ɗakuna masu yalwa a baya ta kwashe kauri.

Akwai wata ƙara ta daban da direbobin janwe suka fi kowa saninta. Ba ta da ƙarfi sosai a waje, amma a cikin kan mota takan cika wuri a wani juyin inji na musamman, madubi na rawa, ƙirji na amsawa, bayan awa biyu kai ya ɗau ciwo. Ta fi zuwa lokacin da inji ke ƙasa-ƙasa kuma kaya ya yi nauyi, wato daidai inda janwe ke yini. Asalinta shi ne tsawon bututun ya dace da zangon sautin, sai suka riƙa ƙarfafa juna. Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalba ya ji ta yi kuka, ya kuma ga kukan ya sauya in an zuba ruwa, ya riga ya san ƙa'idar. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya yi bayaninta tun ƙarni na 19, kuma kamfanoni na sa ɗakin da ba shi da mafita a cikin salansa don ya haɗiye sauti guda. Mai walda a Oyingbo da kunne yake aikin. Zai zauna kusa da direba, a ɗauki kaya a hau, ya lura da inda allurar juyi take lokacin da gurnanin ya taso. Ya sauko ya matsar da tukunyar gaba ko baya da taku ɗaya, ko ya rage wutsiya, ko ya ƙara mata. Wani lokaci ya liƙa gajeren bututu mai toshasshen baki a gefe. A sake hawa a saurara. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya shekara yana gwadawa ba ya yawan kuskuren wuri.

Yawancin tukwanen da ake sawa tokunbo ne, daga kasuwar Ladipo a Mushin ko wajen masu ƙarafa a Owode Onirin, an ciro su daga jikin DAF ko MAN ko Mercedes da suka gama zamaninsu a Turai. Kallon gwani yana zaɓe abin sha'awa ne. Zai ɗaga ta ya ji nauyinta, domin mara nauyi fatarta siririya ce, wadda ta cika nauyi kuma ƙila kunkunniya ce ta daskare a ciki. Ya girgiza ta kusa da kunne: in wani abu na kaɗawa, bango ya ɓalle ko tsatsa ta zube. Ya ƙwanƙwasa da sifana daga baki zuwa baki, inda zaren ciki ya ƙone sautin ya bambanta da inda yake cike. Ya haska tocila ya duba ƙofofin bututun ciki, shin hudaddu ne sumul, ko kuwa an tayar musu da leɓe zuwa cikin hanya. Masu leɓe sun fi kama sauti amma suna tare hayaƙi, kuma in aka juya su baibai abin ya ƙara lalacewa. Wani har maganaɗisu yake ɗorawa. In ya ƙi kamawa, ƙarfen sitiles ne mai daraja. In ya kama, sai a ƙara duba gindin walda da kyau, don gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara a nan yake fara ci.

Motocin Turai na baya-bayan nan sun zo da wani tarko. Akwatin da ke gefensu ba salansa kaɗai ba ce, a ciki akwai matatar hayaƙi da abin da ake kira indomie a gareji, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Wasu kan fasa su kwashe su sayar, su mayar da fanko. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: an sami kuɗin yini ɗaya, an bar mota tana ruri, kwamfutarta na rage wa inji ƙarfi, mutanen bakin titi na shaƙar abin da aka yi akwatin don ya tare. Mai sana'ar kirki yana bambance matatar da ta cushe, wadda wankewa take so, da tukunyar da ta mutu.

Ɗaurawa ma rabin aiki ne. Bututun da aka lanƙwasa da ƙarfin tsiya yana lotsewa a gwiwa, inci 4 ya koma 3. Gwani ko ya cika shi da yashi ya gasa kafin ya lanƙwasa, ko ya yanka ƙananan gaɓoɓi ya jera su su yi kwana mai laushi, ya bi su da waldar gas a hankali don ta lantarki na saurin huda siririn ƙarfe. Ba ya ɗaure salansa kam da jikin shasi. Inji na rawa a kan kujerunsa, shasin janwe na murɗawa in an ɗaga kaya, ƙarfe kuma na miƙewa da zafi: bututun mita 3 da ya ƙara digiri 400 yana tsawo da kusan santimita ɗaya da rabi. In babu gaɓa mai lanƙwasuwa bayan turbo da robobin rataya, wani wuri zai tsage, galibi wuri mafi tsada. Yana nisanta bututun daga tiyon birki da na hayidirolik, inda ya zama dole su kusanci juna ya sa faranti a tsakani.

Sai bakin wutsiya, wanda a janwe ya wuce maganar ado. Yaron mota yana tsayawa a baya ko a gefe yana sarrafa ƙugiya, inji na kunne, wani lokaci rabin awa. In bakin ya kalle shi, shi zai shanye hayaƙin. In ya kalli baya, gilashin motar da ake ja ne zai yi baƙi. In ya kalli ƙasa, ƙura ta tashi, sautin ya daki kwalta ya dawo cikin mota. Da yawa sun fi son a miƙe shi sama a bayan kan mota, ya ɗan karkata waje, da marfi mai buɗewa da kansa. Marfin dole ne a garin da ruwan samansa ya kusa ninka na Kano, haka kuma tukunyar da ke sama ta tsira daga ambaliyar da ke cika tituna a watan Yuni da Yuli.

Tsatsar Legas ta fuska biyu take ci. Daga waje iskar teku mai gishiri, daga ciki kuma ruwan da hayaƙi ke bari in inji ya huce, wanda ke haɗuwa da farar wutar da ke cikin dizal ya zama asid. An daɗe ana shigo wa Afirka ta Yamma da dizal mai yawan farar wuta, har Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a Disambar 2016 su rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. Gwani na huda 'yar ƙaramar ƙofa a mafi ƙasƙancin wuri a tukunyar don ruwan ya tsiyaye. Aikin sakan goma ne, yana ƙara wa salansa rai.

Wanda ke son tabbaci fiye da kunne yana da awo mai araha. A huda bututu kaɗan bayan turbo, a sa siririn bututun tagulla, a haɗa shi da tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa. A ɗora wa inji kaya a ga yadda ruwan ya bambanta a ɓangarorin biyu. Kamfanonin manyan injunan dizal masu turbo, na zamanin da ba a fara sa matata ba, sukan sa iyaka a wajen kilofaskal 10, wanda ya yi daidai da ruwa mai tsayin mita ɗaya. In bai kai haka ba, inji na numfashi. In ya wuce, akwai inda aka matse shi, ko da motar ta yi shiru.

Har yanzu akwai direbobin da ke ganin ruri shi ne ƙarfi, su cire tukunya su bar bututu tsirara. Kunnensu ne ke biyan kuɗin. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ga kuma maƙwabta: janwe ba ta da lokacin fita, ana kiranta ƙarfe biyun dare ta ratsa lungunan Ebute Metta ko Agege. Hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, ta sa desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, gwamnatin tarayya ma tana da dokar hayaniya tun 2009. Amma direban da ya san aikinsa yana da dalilin da ya fi doka kusa da shi. A mota mai shiru yana jin kacar da ta fara sassautawa, yana jin tayar motar da yake ja in ta fara gogar wani abu, yana jin yaronsa in ya ce a tsaya.

Bayan mako guda gwani kan ce a dawo da motar. Ƙarfe ya sha zafi ya huce sau da yawa, ƙusoshin maɗauri sun saki kaɗan. Ya ƙara ɗaure su, ya shafa hannu a gaɓoɓi ya ga ko baƙi ya fito, ya duba robobin rataya ko ɗaya ta fi sauran ɗaukar nauyi, ya tambayi direba yadda allurar zafi ke yi a hawa da kuma ko shan mai ya sauya. In akwai sauran gurnani a wata giya, a ranar ake rage wutsiyar ko a matsar da tukunyar.